Masu Ciwon Tsohuwar Taswira

Kowane gari da irin mahaukatansa. Na Minna da na fi sani ba sa jifa, ba sa zagi, tsohuwar taswira kawai suke bi kamar ƙuda da mangwaro. Ni ma a cikinsu nake, don haka kada wani ya ce ƙazafi na yi masa.

Babbanmu shi ne Baba Safiyo. Ya fara aikin awon ƙasa tun ana kai takardunmu Sakkwato, kafin a yanke Jihar Neja a 1976. Duk hirar da ka ɗauko, ko ta tsadar doya ce a Kasuwar Gwari, sai ya ja ta har L40. Wata alamar awo ce a yankin Minna da aka ɗauka mafari, aka jingina awon ƙasar Nijeriya a kanta, shi ya sa masu sana'ar ke cewa Minna Datum. Abin gaskiya ne, sai dai Baba ya mai da shi sarautar gidansu. "Yaro, Ikko ma da duk girman kanta, da mu ake sanin inda take." Ka ce ya kai ka ka ga wurin, sai ciwon gwiwa ya tashi. Taswirorinsa masu ma'aunin 1:50,000 suna nannaɗe cikin bututun famfo, kuma haramun ne ka nuna gari da yatsa. Akwai tsinken tsintsiya na musamman don wannan aiki.

Sai Magajin Fili. Shi ba ruwansa da tarihi. Da ka shimfiɗa takarda zai sa tabarau ya fara laluben gonar kakansa, ya dafa tafin hannu a kan Bosso, ɗan yatsansa ya kai Maitumbi, ya ce, "Duk nan namu ne, rashin gata ne kawai." Ba ya la'akari da cewa abin da hannunsa ya rufe ya fi ƙarfin noman gari guda.

Wanda na fi ƙauna shi ne Sarkin Ruwan Tudu. Taswirar matuƙa jirgi kaɗai yake tarawa, masu ƙananan lambobin zurfin ruwa birjik kamar an watsa gero. Bai taɓa shiga kwalekwale ba. In damina ta yi nisa, ko gadar Chanchaga za a haye sai ya rufe ido yana salati. Amma zauna da shi ka sha labarin Kogin Kwara: yadda Richard Lander da ƙanensa John suka taso daga Busa a 1830 suka bi kogin har teku, yadda jirgin Dayspring ya daki dutse kusa da Jabba a 1857, da yadda Glover, hafsan da ke cikinsa, ya zana kogin. Yakan kai ka Baro, inda a da ake sauke kaya daga jirgin ruwa a loda wa na ƙasa, dogo ya biyo ta Minna, ya isa Kano a 1911. Yana magana yana lanƙwasa jiki kamar shi ke riƙe da sitiyari. Wuri ɗaya ne muryarsa ke sauka. In ya zo tsohuwar Busa sai ya ɗora tsinke a kan sunan ya yi jim, don tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 garin yana ƙarƙashin ruwa, a takarda kawai ya rage a tudu. Nan kam ba mai yi masa dariya, sai ya wuce Jabba mu ci gaba.

Mai Zinariya ya yi imani cewa Turawa ba su tafi da komai ba, sun binne saura sun sa alama. Da yake an haƙi zinariya a lardin nan a shekarun 1930, ba ka da bakin musa masa. Ya taɓa ganin wani ɗigo baƙi a gabas da Kuta, ya kwana uku yana lissafi, har ya fara tambayar kuɗin hayar diga da shebur. Baba Safiyo ya sa farce ya kankare ɗigon. Kashin kyankyaso ne.

Akwai kuma Malam Gyara, wanda taswira mai daidai ba ta burge shi, sai mai kuskure. Abin alfaharinsa Duwatsun Kong, jerin tsaunukan da James Rennell ya shimfiɗa a Afirka ta Yamma a taswirarsa ta 1798, masu zane suka yi ta kwafa kusan shekara 90, har Binger Bafaranshe ya je da ƙafarsa ya tarar babu su. Malam yana ba da labarin yana tafa hannu: "Ashe Bature ma yana shara ta!" In kana son ka rasa la'asar, tambaye shi taswirar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya bai wa Baturen nan Clapperton bayan zuwansa Sakkwato a 1824, wadda ta nuna Kwara ta nufi gabas wajen Masar. Kuskure ne ko dabarar ɓatar da baƙo? Malam yana da amsa biyu, yana ba da su bi da bi, gwargwadon wanda ke musu da shi.

Inda duk aka taru haka, Dillali ba ya nisa. Jarinsa injin fotokwafi, ruwan shayi mai kauri da ɗan hayaƙin murhu. Kwana biyu takarda ta tsufa da shekara ɗari. Ya taɓa kawo mini wata, yana rantsuwa daga ofishin Gwamna Lugga ta fito a Zungeru. Na duba, ga tafkin Kainji shuɗi shar a tsakiya. Da na nuna masa, ko gezau bai yi ba. "Ranka ya daɗe, ai mutanen nan akwai hangen nesa."

Ta ƙarshe ba ta tarawa, rabawa take yi. Ita ce Uwargida. A wurinta takarda mai kauri da faɗi ni'ima ce, ta shimfiɗar kabad, ta shanyar kuɓewa, ta toshe tagar da gilashinta ya fashe lokacin hunturu. Wata uku ina neman taswirata ta Lardin Neja, na zargi gara, na zargi Magajin Fili har muka daina gaisawa. Ranar nan autana ya dawo daga makaranta ya zube jaka, sai ga littafin lissafinsa da sabon bango: Kontagora a gaba, Bida a baya, an rubuta sunansa da ajinsa da biro a kan Kogin Kaduna. Na ce ina saura? Ya ce Umma ta yi wa na Hausa da na Turanci, Minna kuma tana wajen Yaya, a littafin zane.