Fijo Mai Cin Ƙwai

A tashar Karaye, da zarar tsohuwar Fijo 504 ta fara ƙona ƙwan fitila a kai a kai, sai masana su yi yawa. Wani ya ce baki ne, wani ya ce aljanun Dam ɗin Challawa ne ba sa son a haska musu ido. Mai motar kuwa sai ya sake aikawa Ƙofar Ruwa a Kano a sayo sabo, ya damƙi gilashinsa da yatsun da suka sha giris, ya cusa. To, ƙwan halojin ba ya yafe maiƙo: inda yatsa ya taɓa, nan zafi zai taru har gilashin ya kumbura.

Babban mai laifi dai yakan zama altaneta. Inji na aiki, caji bai kamata ya yi nisa da bolt 14 ba. Idan abin da ke ƙayyade wutar ya mutu ta haura 15, fitila za ta yi ƙyalli kamar ta ɗakin amarya, direba yana ta murna, kwana kaɗan zaren ya tsinke. Batirin ma zai riƙa shanye ruwansa.

Sannan ga gargadar hanyoyin ƙauyukan Rogo, ga buhunan masara har sama, ga fitilar an ɗaure ta da ƙyauron taya tana rawa. Motar nan a 1975 aka fara harhaɗa irinta a Kaduna, ta girmi yaron motarta nesa ba kusa ba.

Malam direba, kafin ka nemi rubutu, kai ta wajen mai wayarin ya ɗora mita a kan batir.