Jinjina ga Hasumiyar Cikin Aljihu

Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Zariya, garin da ruwansa bai wuce Galma da Kubanni ba, yau ta mallaki hasumiyar haska jiragen ruwa. Ku leƙa kasuwar Sabon Gari, wajen masu kayan waya, ku duba fawa-bank ɗin da aka jera a gilashi. A bayan wasu an buga hoton doguwar hasumiya fara mai ratsin ja, tana tsaye kan dutse, igiyar teku na dukan gindinta, fitilarta na keta duhu. Wanda ya zaɓa mana wannan hoto daga masana'antun China, Allah ya saka masa da alheri, don ya fi shugabanninmu sanin abin da muke bege.

Asali, hasumiyar haska jirage aikin hukuma ce. Daga wadda aka gina a Iskandariyya ta Masar fiye da shekara 2,000 da suka wuce, har zuwa wadda Turawan mulkin mallaka suka bari a Tarkwa Bay ta Legas, ƙa'idar ɗaya ce: kowane dare a kunna fitila, mai babban jirgi ya gani, mai kwalekwale ya gani. Wannan tsohon yayi ne, mu mun wuce nan. Tamu hasumiyar kowa da guminsa yake saya, ya cusa a aljihu, ba ta haska kowa sai wayar mai ita. Hukuma ta huta, talaka ya zama tashar wutar kansa. Ina wani ci gaba da ya fi wannan?

A Samaru alherinta ya fi bayyana. Tun 1962 Jami'ar Ahmadu Bello ke nan, tana yaye injiniyoyi, har da na lantarki. Ɗalibin da ke haya a Hayin Dogo zai fito da safe da littafi a hannu ɗaya, hasumiya a ɗayan. Kafin malami ya shigo aji, idonsa na bango yana neman soket. Da dare zai karanta yadda ake samar da wuta da rarraba ta, a hasken tocilan wayar da hasumiyar ke shayarwa. Wace jami'a ce a Ingila ko Jamus ke haɗa wa ɗalibi karatu da gwaji haka? In hasumiyar ta ƙare, ga mai cajin waya a bakin titi da ɗan janaretonsa, ya karɓi kuɗi ya ba ka lamba. Ga sana'a an samar wa matasa ba tare da kasafin kuɗi ba.

Sai kuma gaskiyarta, wadda ta cancanci yabo na musamman. A jikin kwali za ka ga 50,000mAh, mai shago ya ce, "Alhaji, wannan orijina ce, sati za ta yi maka." Ko sahihiyar ma ba ta ba da duk abin da aka rubuta, saboda batirin ciki yana kan bolt 3.7 ne, waya kuwa 5 take karɓa, wajen juyawar kusan kashi ɗaya cikin uku ke salwanta. Jabun kuwa an sha fasa su a tarar da batir ɗaya na gaske, sauran yashi ne aka ɗura don nauyi. Kada a zargi masu yin ta. Hasumiya a bakin teku take, ina laifi in ta taho da yashinta? Kuma ta dace da mu, mutanen da aka canza wa NEPA suna zuwa PHCN a 2005, aka sayar wa 'yan kasuwa a 2013, aka ɗaga wa 'yan rukunin Band A farashi zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, duhun kuwa yana nan da nauyinsa.

A Oktoban 2024, da layin wutar Shiroro zuwa Kaduna ya lalace, na Ugwuaji zuwa Apir ya bi shi, Arewa ta yi fiye da mako guda cikin duhu. A lokacin hasumiyarmu ta nuna jarumtarta. Ba ta juya injin niƙa ba, ba ta kunna wa mai walda injinsa ba, ba ta hana kifin mai firiza ruɓewa ba, ba ta sanyaya maganin da ke buƙatar firij ba. Mata masu sayar da ƙanƙara da zoɓo sun cinye jarinsu. Amma ta riƙe mana waya da rai har muka karanta sanarwar ban haƙuri. Da babu ita, wataƙila da mutane sun fusata sun tambayi wani ba'asi. Ita ce ta sa aka yi shiru, kuma duk mai mulki ya san darajar shiru.

Idan ta tsufa ta kumbura, bola take zuwa da batirinta, yaran unguwa su tsinta su yi wasa da ita, ko a cinna wa sharar wuta hayaƙin ya shiga gidaje. Har a mutuwarta tana rabon alheri.

Roƙona ɗaya ga masu buga hoton: a zubi na gaba su sa mana tashar wutar Mambila ta jihar Taraba, wadda gwamnati ta amince da kwangilarta ta megawat 3,050 a 2017. Za su ɗan sha wahalar samun hoton, don sai dai su nemi mai zane.