Nasiha Ga Wanda Ya Sayi Tsohuwar Gangar Lemo

Ka sani, ya kai mai karatu, cewa a ƙasar Amurka akwai wata ganga ta ƙarfe mara tsatsa, mai cin galan 5, watau kimanin lita 19, wadda ake kira da sunan kamfanin Cornelius da ya shahara da ƙera ta, wadda kuma ta yi shekaru tana yi wa Pepsi da Coca-Cola hidimar kai lemo gidajen abinci, har zuwa ranar da suka koma zuba ruwan zaƙinsu a leda cikin kwali, suka sallame ta ba ko sannu da aiki. Da yake tun 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu kan dokar da ta ba mutane izinin haɗa giya a gidajensu, ma'abota wannan aiki ne suka tsince ta, suka naƙalci gyaranta. Kuma tun da ilimin wanke ƙarfe ba ya sa maye, babu laifi wanda burinsa zoɓo ne ko ruwan citta mai gas ya ɗauki darasi daga gare su, matuƙar ya kiyaye sharuɗɗa shida.

Sharaɗi na farko shi ne ka san mazhabar gangarka, domin gangunan sun kasu biyu: ta gidan Pepsi doguwa ce siririya, bakunanta kuwa da 'yan ƙwallaye ake kama su, alhali ta gidan Coca-Cola gajera ce kakkaura, mai ƙusoshi biyu a bakin iska da uku a bakin ruwa, wanda duk ya nemi sulhunta mahaɗin wannan da bakin waccan, to zai yini yana gumi, ba kuwa za su yi ijma'i ba.

Na biyu, kada ka ɗora sifana a kanta sai ka saki iskar da ke ciki, ko dai ta jan zoben bawul da ke bisa murfi, ko ta danna tsakiyar bakin iska, domin haƙiƙa ganga tana iya riƙe numfashinta shekara da shekaru, kuma mai gaggawar da ya kwance ta a haka zai sha wanka da ragowar lemon da ya girmi ɗansa, daga hula har gemu.

Na uku, idan ka kwance bakuna biyun, ka zaro dogon bututun da ke kaiwa gindi da gajeren da ke shigar da iska, sai ka ajiye kayan kowane ɓangare a kwanonsa daban, saboda sun yi kama kamar Hassan da Husaini, amma ɗaya ba ya zama a gurbin ɗan'uwansa.

Na huɗu shi ne tsarki, kuma a nan ake sanin mai haƙuri. Ka cika ta da ruwan zafi da garin wanki irin PBW, ka bar ta ta kwana a jiƙe, sannan ka bi dogon bututun da siririn buroshi, ka ɗaga shi wajen haske ka leƙa, har sai ka ga babu sauran dauɗa. Ka kuma nisanci sinadarin kulorin da soson ƙarfe, domin na farkon yana cin ƙarfen ya bar masa ƙananan ramuka, na biyun kuma yana karce shi, ƙazanta kuwa ba ta da masaukin da ya fi mata waɗannan.

Na biyar, wanda shi ne ginshiƙin al'amarin duka, shi ne zobban roba guda 5: babba a murfi, biyu a bakuna, biyu a wuyan bututai. Ƙarfe yana mantuwa da abin da aka zuba masa da zarar ya ga ruwan zafi, amma roba mai riƙo ce, tana ajiye warin tsohon lemo, ko na giya in giya ta ɗauka, sa'an nan ta raba shi ga duk abin da ya biyo baya. Don haka marowacin da ya ce zai wanke tsofaffin ya mayar, alhali kuɗin sababbin bai taka kara ya karya ba, lalle ya sayi asarar lita 19 da hannunsa. Ka sauya su duka, ka ɗan shafe su da man da aka yi domin kayan abinci.

Na shida shi ne neman shaida. Ka ɗauraye cikinta da maganin ƙwayoyin cuta irin Star San, ka rufe, ka ɗura mata gas, sannan ka yayyafa ruwan sabulu a kewayen murfi da bakuna. Inda duk kumfa ta tashi, nan ne yoyo yake, kuma shaidar kumfa ba a ja da ita. In ba ka ga komai ba, ka bar ta ta kwana, da safe ka ja zoben bawul: in ta huro iska da ƙarfi, to ta riƙe amana.

Saboda haka, ɗan'uwa, kada lotsawar gefenta ko tsohuwar takardar da ke manne a jikinta su sa ka raina ta. Ka ba ta ruwan zafi da sababbin zobba da haƙurin kwana biyu, domin gyaran abin da ke da sauran amfani ya fi sayen sabo albarka, almubazzaranci kuwa ba ɗabi'ar mutumin kirki ba ce.