Kunun Aya a Hannun 'Yan Sintiri

Idan gardamar kiɗa ta kaure a Birnin Kudu, mutanen garin suna da hujjar da ba kowa ke da irinta ba: su har duwatsunsu makaɗa ne. A wajejen Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu akwai zanen shanu marasa tozo da mutanen dā suka bari, akwai kuma duwatsun da in ka ƙwanƙwasa su sai su yi amon ƙarfe. Bernard Fagg, Baturen gidan tarihi na Jos, ya zo ya saurare su, ya yi rubutu a kansu a 1956. Ramukan da ke jikinsu, inda aka yi ta duka har dutse ya lotsa, sun isa shaida cewa an daɗe ana casu a nan tun babu mai mafarkin lantarki.

Wannan hujjar Malam ya ɗauko ya maka wa Ɗan Birni a teburin mai shayi, wani dare cikin goman ƙarshe na azumin 2024, bayan an idar da asham. Majalisar ba ta da yawa. Akwai Malam, tsohon hedimasta da ya yi ritaya amma muryarsa ba ta yi ba. Akwai Ɗan Birni, mai aiki a Abuja, wanda Sallah kaɗai ke dawo da shi gida. Akwai Tela, akwai Direba, sai ni, da aikina a wurin bai wuce sauraro da biyan kuɗin burodi ba.

"Malam, ku fa ba ku ga wasa ba," in ji Ɗan Birni. "Ka je ka ga Ado Gwanja ko Hamisu Breaker a kan dandamali. Fitilu na walƙiya, hayaƙi na tashi ta ƙasa."

"Hayaƙi? Waƙa ake yi ko gobara?"

Daga nan Malam ya buɗe aji. Ya ce shi ya ga Mamman Shata da idonsa, tsaye gaban 'yan kalangu, babu takarda babu bita, kana shigowa fili zai ɗago ya gan ka ya saƙa sunanka da na garinku cikin waƙar da ake ciki, kiɗan bai karye ba. Ya kawo Ɗanmaraya Jos, wanda ya zaga duniya da kuntigi, ɗan gwangwani mai tsirkiya ɗaya. Ya kawo Barmani Choge da ƙoren amadarta. Da ya zo kan Haruna Uji na Haɗejiya da gurminsa sai da ya dafa ƙirji, don nan abin ya zama na gida Jigawa. Shata ya rasu a 1999, Barmani a 2013, Ɗanmaraya a 2015, kuma a lissafin Malam tun daga nan ba a sake yin waƙa ba, sai dai a danna fiyano a sitidiyo a goge muryar mutum da kwamfuta har uwar da ta haife shi ba za ta gane shi ba.

Direba ne ya jefa dutse a kasuwa. "To Malam, tsakaninka da Allah, a wuraren da kuke zuwa kallon Shatan nan, me ake sha?"

Tambayar tana da tushe. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa a shekarun 1970 da 1980 yawancin irin wannan wasa a otal-otal da kulob ake yin sa, kuma Shata da kansa yana da sananniyar waƙa a kan sha, bai taɓa ɓoye ta ba. Goge da kukuma ma sun daɗe suna ɗauke da wannan tabo a idon malamai. Malam ya yi gyaran murya, ya gyara hula, ya ce shi dai Fanta yake sha. Aka bar shi a haka saboda girman furfura.

Yanzu kam zancen ya zama tarihi. Tun da Jigawa ta bi sahun Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a 2000, sayar da giya ya zama laifi, kuma kowa a teburin ya tuna yadda aka bi ta kan kwalabe 240,000 da mota a Kano a 2013. Shan Sallah a Birnin Kudu da Gwaram shi ne zoɓo, lamurje, kunun zaƙi, fura da nono, sai sarkinsu, kunun aya. Kada wani ya raina wannan. Gasar da ake yi tsakanin gidaje a kan wa ya fi iya kunun aya ta fi ta wasu zaɓuɓɓukan zafi.

Ɗan Birni ya zaro waya ya nuna wata sanarwa da ke yawo a WhatsApp. Wasan Sallah ne a wani ƙauye na ƙasar Gwaram, washegarin idi, za a kawo wani matashin mawaƙi daga Kano "tare da cikakkiyar tawagar makaɗansa, kai tsaye". Nan take aka ƙulla: in an ga makaɗa na gaskiya, Malam ne zai biya kuɗin mai, in ba a gani ba, Ɗan Birni. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, wannan ba ƙaramar yarjejeniya ba ce. Tela ya ce shi gudummawarsa jarka guda ce ta kunun aya daga hannun uwargidansa.

Sallah ta kama ranar Laraba, 10 ga Afrilu, tsakiyar bazara, lokacin da ko inuwa neman inuwa take yi. Ranar Alhamis da asuba uwargidan Tela ta markaɗa aya da dabino da kwakwa, ta sa citta da kanumfari, ta tace, ta zuba sukari ba ƙyashi. Ta kafa sharaɗi ɗaya: a sa ƙanƙara, a shanye kafin azahar. Ƙanƙara kuwa a azumin 2024 ta yi tsadar da sai mai hali, don haka Tela ya sayi 'yar mitsitsiya, wadda ta narke tun ba a fita daga unguwa ba. Don kada ya zube a hanya, ya naɗa leda a bakin jarkar, ya murɗa murfi da iya ƙarfinsa, ya tura ta can ƙuryar but ɗin Golf ɗin Direba.

Duk macen da ke sayar da kunun aya ta san abin da ke biyo bayan wannan. Ba a dafa shi, ɗanye ne, ga zaƙi. Da zarar zafi ya same shi, ƙwayoyin halittar da ke cikinsa sai su far wa sukarin, su riƙa fitar da iska, su bar tsami. Aikin da ke sa ƙullun burodi ya tashi ke nan, shi ne kuma ke sa burkutu kumfa. Mu maza biyar har da hedimasta a cikinmu, babu wanda wannan ya faɗo wa a rai.

Tafiyar da ba ta kai ta ɗauki rabin yini ba ta cinye yinin duka. Malam ya ce ba zai wuce gidan surukansa ranar Sallah bai gaisa ba. Direba ya tsaya cin tsire a Babaldu. Tela kuwa duk garin da aka shiga sai ya sulale ƙasan kujera ya rufe fuska da hula, saboda akwai masu ɗinkin Sallah da ya yi wa alkawarin jajibiri, ga shi har an sauko idi yadinsu na rataye a shago. Sai bayan la'asar muka iso bakin ƙauyen.

A nan muka tarar da igiya a gicciye da 'yan sintiri riƙe da gora. Mai gari ne ya sa su, kuma da gaskiyarsa, don irin wannan taro yakan jawo samari daga ko'ina, wasu da ƙwayoyi a aljihu. Shugabansu dattijo ne mai usur a wuya.

"Barkanku da Sallah, bayin Allah. A buɗe mana baya."

Direba ya buɗe. Jarkar da aka sa mai kusurwa huɗu ta zama ƙwallo, ta kumbura kamar tunkiyar da ta kwana a rumbun wake, tana wani siririn tsaki ta gefen murfi.

"Mene ne wannan?"

"Kunun aya ne, ranka ya daɗe," in ji Tela.

"Kunun aya ne yake huci?"

Tela ya ji an taɓa mutuncin gidansa. Ya ce bari ya buɗe kowa ya gani. Bai gama murɗa ta biyu ba murfin ya tashi sama da ƙara, ba a sake ganinsa ba har yau. Farar kumfa ta yi tsiri, ta wanke shugaban 'yan sintiri daga usur zuwa takalmi, ta bi ta kan shaddar Ɗan Birni da ya kwana uku yana faɗa mana kuɗinta, ragowar ta sauka a hular Malam. Wani tsami ya gauraye wurin. Kafin a ce kwabo yara sun kewaye mu suna tsalle suna ihun an kama masu burkutu.

Sai wani saurayi cikin 'yan sintirin ya matso, ya leƙa fuskar da kumfa ke ɗiga daga gemunta, ya durƙusa. "Malam! Kai ne? Ni ne fa ka koyar a aji biyar." Ya juya ga 'yan'uwansa cikin alhini. "Wallahi shi ya koya mana illar shaye-shaye."

Shugaban ya share fuska ya ce shi ba zai zalunci kowa ba, a yi bincike. Ya ɗaga murya: "Wa ya san warin burkutu a cikinku, ya zo ya shinshina?"

Wurin ya yi tsit. Mutum fiye da hamsin a tsaye, kowa ya zama waliyyi. Wanda duk ya ce ita ce, za a tambaye shi a ina ya san ta. Wanda ya ce ba ita ba ce, tambayar dai ita ce. Shari'a ta tsaya cak don rashin gwani. Direba, da yake bakinsa ba ya da birki, ya kasa daurewa.

"Ai ranka ya daɗe, burkutu da dawa ake yi, ja-ja take, ba fara ba, kuma kaurinta..."

Idanu suka yi caa a kansa.

"Haka dai nake ji ana faɗa a tasha."

Wata tsohuwa mai fura ce ta cece mu. Ta ajiye ƙwaryarta, ta ture maza, ta dangwala yatsa ta ɗanɗana, ta tofar. Ta tambayi wanda ya kawo, aka nuna Tela. "Kai ɗan nan, wace baiwar Allah ce ta yi wahalar wannan ka kashe mata shi a rana? Har da kwakwa!" Ta yi masa tas, ta haɗa da mu, ta haɗa da maza gaba ɗaya. Don a ƙara tabbatarwa aka sa Tela ya kira uwargida a buɗe murya kowa na ji. Abin da ta faɗa ya wanke mu daga zargi sarai, amma ba zai rubutu a mujalla ba. Aka sauke igiya.

Filin wasa an kewaye shi da zana, an jera lasifika, janareta na ruri a gefe. Mawaƙin ya iso bayan isha'i da baƙin tabarau. Cikakkiyar tawagar makaɗansa yaro ɗaya ne mai kwamfuta da filashi. A yi masa adalci, ya iya rawa, kuma samari sun yi masa liƙi. Amma ana cikin waƙa ta uku ƙishi ya kama shi, ya sauke makirfo ya fasa ledar ruwa yana sha, muryarsa kuwa ta ci gaba da rera baiti a lasifika, har da jan numfashi. Malam bai ce komai ba, hannu kawai ya miƙa wa Ɗan Birni.

Ba a jima ba man janareta ya ƙare. Duhu ya rufe, waƙa ta ɗauke, 'yan kallo suka fara neman kuɗin ƙofarsu. Masu shirya wasa suka ruga wajen masu tsire, inda wani tsohon makaɗin mahauta ke zaune da kalangunsa da yaransa biyu, don kalangu tun asali kiɗan 'yan fawa ne. Suka roƙe shi ya riƙe musu jama'a kafin a samo mai. Aka haska shi da fitilun waya. Ya matse kalangu a hammata, ya ja tsarkiya, filin ya ɗauka. Malam ya miƙe tsaye yana cewa, "Ka ji ko! Ka ji abin da nake faɗa maka!"

Tsohon nan ashe yana bakin igiya ɗazu. Waƙarsa ta farko, wadda ya ƙirƙira nan take, a kan wasu baƙi ne daga Birnin Kudu da jarkarsu. Ya sa Tela da masu binsa ɗinki. Ya sa Direba da iliminsa na tasha. Ya sa shaddar Abuja. Hedimasta kuwa shi ya zama amshi, kuma kafin zagaye na uku duk filin ya haddace. Maroƙi ba ya sauka daga kanka sai ka sallame shi, don haka Malam ya ratsa taro da hularsa mai tsami ya liƙa masa duk abin da ke aljihunsa. Tsohon ya ga alheri, ya ƙara baiti biyu na godiya, da cikakken suna da unguwa.

Maganar kuɗin mai har yanzu ba a warware ta ba. Malam ya ce wanda aka sa a sanarwa bai zo da makaɗi ko ɗaya ba. Ɗan Birni ya ce an yi alkawarin kiɗa kai tsaye kuma an ji shi, har Malam ya yi liƙi a gaban shaidu. Uwargidan Tela ta aiko da lissafin aya da dabino da kwakwa da murfin jarka, ta ce a raba huɗu. Direba ya wanke but da omo, ya turara shi, ya bar shi a buɗe a rana, amma fasinjojin Gwaram na ci gaba da tambayarsa me yake ɗaukowa. Da Babbar Sallah ta matso Tela ya ce wannan karon zoɓo zai kawo, Direba ya ce sai dai ya ɗauko shi a ka.