Edita Zai Gyara

Kalmomi uku ne suka cinye kuɗin babur ɗina: "Edita zai gyara."

A lokeshan na fara jin su, a wani ƙauye bayan Kano, inda muke ɗaukar fim ɗina na farko. Labarin wani sarki ne na zamanin da, tun kafin Turawa su ci Kano a 1903. Na hango dogari ɗaure da agogo, na taɓa darakta. "Furodusa, kwantar da hankalinka, edita zai gyara." A Daidaita Sahu ta gifta ta bayan fada, edita zai gyara. Sarki yana yanke hukunci akuya ta tsoma baki, edita zai gyara. Har na fara zaton editan nan waliyyi ne.

Ranar da na isa situdiyo a titin Gidan Zoo, sai na tarar da waliyyin nawa yaro ne, ko gemu bai gama tarawa ba, yana cin gurasa a gaban kwamfuta. Ya zuba hotunan a Adobe Premiere, ya kalla, ya yi salati.

"Alhaji, kowane sakan hoto 25 ne. Agogon nan ya yi minti biyu a allo, hoto 3,000 ke nan. Bi zan yi ina gogewa."

Da ya faɗi kuɗin, sai na ce a matso da hoton kawai a datse hannun. Haka dogarina ya rasa hannu ba tare da ya saci komai ba.

Sai sauti. Janaretan da muka kunna a lokeshan ya fi kowane jarumi yawan magana, dole a sake ɗora murya. Wanda ya fito a sarki kuwa ya tafi Umara. Yaron ya dube ni, na dubi aljihuna, sai ga ni a wani ɗan ɗaki mai soso a bango, ba fanka don kada makirfo ya kama ƙararta. Ni kuwa muryata ko kaji ba ta kora. Sau goma sha bakwai ina cewa "Ku kamo shi!" Ko dai in riga leɓen sarki, ko sai ya rufe baki sannan in iso.

Daren da kwamfuta ke fitar da fim ɗin, muna zaune mun zuba wa lambobi ido kamar masu duban wata. Ta kai kashi 97 aka ɗauke wuta. Man janareta ma ni na saya.

Kafin in kai wa Hukumar Tace Fina-finai, na tara iyali su fara gani. Aka zo wurin hukunci. Sarki ya gyara rawani, ya ɗaga sanda, ya buɗe baki, sai akuyar nan ta kwarara kuka. Ashe barci ya kwashe yaron bai cire tsohon sautin ba.

Falo ya yi tsit. Can uwargida ta dafa ni cikin tausayi ta ce, "Maigida, wallahi nan ne ka fi ƙoƙari."

Na buɗe baki zan kare kaina, sai na ji ina cewa, "Edita zai gyara."