Wai a Gobir ma akwai masu kyauta?

To, malam mai gardama, gyara zama. Daga cewa zan ba ka labarin mutanen Sabon Birni da Isa masu yi wa garinsu hidima, har ka taɓe baki. Ka ce wace hidima kuma, a ƙasar da ba a ambaton ta a rediyo sai an kai hari? Ka ce wanda ke neman wurin kwana ina ya ga abin bayarwa? Sannu da ilimin rediyo. Da ka taɓa wuce Goronyo da ƙafarka, da ka adana wannan tambaya.

Na gane ciwonka. Kai in an ce taimako, buhun shinkafa kake gani da hoton mai bayarwa manne a jiki, ga rumfa, ga maroƙi, ga yaro yana ɗauka a waya don a sa a Facebook. Shi ya sa za ka tare ni da cewa ai ka san su, ba Bafarawa ba? E, Attahiru Bafarawa ɗan ƙasar Isa ne, ya yi gwamnan Sakkwato daga 1999 zuwa 2007, yana kuma da gidauniya mai sunansa. Ba mu musa ba. Amma an ce ka ƙirga taurari, kai ka tsaya kana nuna wata!

Bari in nuna maka taurarin. Idan aka tashi ƙauye cikin dare, kamar yadda aka yi wa garuruwa da dama na Sabon Birni a watan Mayun 2020, ina kake tsammani mutane ke dosa? Ofis? Ofis a kulle yake. Zauren wani suke faɗawa, a cikin Sabon Birni ko Gatawa ko Isa. Maigida ya kwashe tarkacensa ya ba su ɗaki, uwargida ta ƙara gari a tukunya, rumbun da aka yi lissafin zai kai damina ya ƙare tun bazara ba ta yi nisa ba. Ka ce ai wannan zumunci ne, ba taimako ba? Au, zumunci ba ya cin gero? Kai da baƙo ɗaya ya yi maka kwana uku ka fara tambayar sa ko akwai mota gobe.

Haye iyaka ka ga irinsa. Tun 2019 dubban mutane suka tsallaka zuwa yankin Maraɗi, kuma kafin motocin Majalisar Ɗinkin Duniya su iso, mutanen ƙauyukan Gidan Runji ne suka shimfiɗa musu tabarma. Ka ce me ya haɗa ɗan Nijar da ɗan Nijeriya? Kai dai ka yi barci a ajin tarihi. Bayan Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808, Gobirawa sun yi ta gwagwarmaya har suka kafu a Tsibiri da ke Nijar a yau, daga can kuma Ɗan Halima ya ɓallo ya kafa Sabon Birni. Tsagen fuska ɗaya, kaka ɗaya. Layin da Bature ya ja daga baya ne. Har da aka katse layukan waya a wannan yanki cikin Satumban 2021, mai layin Nijar shi ya zama gidan wayar unguwa.

Na ji ka kana gunaguni: to ban da gudun hijira fa? Akwai gayya, wadda ta girmi kakanka. Tsoho ya kasa noma, samari su taru da fartanyoyinsu su kaɗe masa gonar kafin azahar, ladansu fura da sa albarka. Akwai zakkar hatsi, dami ɗaya cikin goma, da ake fitarwa ba mai tafi. Akwai 'yan cin rani a Legas da Ibadan, masu tura ruwa da gadi da kabu-kabu, waɗanda ke zaune cikin Yarbawa abokan wasansu, a yi musu tsiya su rama, wata ya ƙare su aiko da na rufin masallaci ko na gyaran famfo. Waɗannan ba su da shugaba, ba su da sakatare, balle takarda mai tambari. Shi ya sa ba ka san su ba.

Saura maganar da ba ta da daɗi, kuma a nan zan sassauta maka. Karo-karon da a da ake yi don ginin makarantar allo, yanzu sau da yawa kuɗin fansa ake haɗawa da shi. Ka ce wannan ai tilas ce, ba kyauta ba? Ga wanda aka sace wa ɗa, tilas ce. Amma maƙwabcin da ya sayar da akuyarsa don ɗan wani fa, wa ya tilasta shi? Abin takaici ne a ce gumin talaka na tafiya daji, kuma laifin wannan na wuyan waɗanda aka ɗora wa tsaron mutane. A ƙasar da Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun 'yan bindiga cikin Agustan 2024, wa kake so talaka ya zauna jira?

Ka yi shiru? Ba na son shirun nan. Kai da ke kwana da ƙofa a buɗe, ga fitila ga famfo, ran da mai unguwarku ya yi shelar yasar kwata, kada in ji ka ce bayanka na ciwo.