Ranar da Akun Tasha Ya Kayar da Ni

Bari in fara wanke kaina: ni ban taɓa cewa na haddace Magana Jari Ce ba. Abin da na faɗa a teburin mai shayi shi ne, duk unguwarmu babu mai ja da ni a kansa. To, an ce baki shi ke yanka wuya, nawa kuwa har da fiɗa ya yi.

Majalisarmu ta bayan sallar isha'i ce, a Kano, ba nisa da tashar da ake lodin motocin Zariya. Sauran majalisu suna can suna musun Arsenal da Chelsea, ko kuɗin buhun shinkafa, mu kuwa Allah ya jarrabe mu da aku. Baba Hedimasta ne ya ɗora mu a kan wannan hanya. Tsohon ya shafe shekara talatin da 'yan kai yana koyar da Hausa, kuma yana da littattafan nan uku na Abubakar Imam, ya yi musu bango da takardar siminti, yana adana su inda wasu ke adana takardar fili. Kafin a gama dama masa shayi ya jefo tambaya. Wani dare ya ce, wai Mahmudu mene ne ga Musa? Nan take aka kaure. Tela ya rantse da girman Allah ƙaninsa ne. Mai Shayi ya ce ɗan wani bafade ne kawai, abokin wasa. Sai da kowa ya gaji Baba ya gyara zama ya ce jikan Sarki Abdurrahman ne, ɗan 'yarsa, wato Musa kawunsa ne, ko da yake tare suka tashi. Tela ya yi kwana uku yana shan shayinsa a wani teburi.

Shi kuwa Mai Shayi ɗan jam'iyyar Haziƙ ne, akun Sarkin Sirika da ya kara da Waziri Aku a littafi na biyu. A ganinsa maguɗi aka yi wa Haziƙ, kuma in ka musa masa sai ka ga madararka ta ragu, ƙwanka ya ƙone.

Ni fa, me na sani? Littafi na ɗaya na karanta, ina aji biyar na firamare, wanda yayana ya bar mini. Shi ma ba cikakke ba ne, don ƙanwarmu mai tallan ƙosai ta riga ta naɗe wa masu saye shafukan ƙarshe. Na yi shekaru ban san yadda mugun Waziri ya ƙare ba, wani can a bayan gari ya goge maiƙon hannunsa da amsar. Sauran ilimina na tsinto shi ne daga wasan kwaikwayon da gidan talabijin na Kaduna ya yi na littafin, wanda muke leƙe ta tagar maƙwabta, sai kuma gyaɗa kai in Baba yana magana. Gyaɗa kai sana'a ce. In ka iya ta, ka haɗa da “ƙwarai kuwa” a inda ya dace, sai a ɗauka kogi ne a cikinka.

Asirina ya fara tonuwa ne daren da Baba ya ce jikanyarsa, 'yar shekara goma sha biyu, ta gama littattafan uku a hutun nan. Da na yi shiru da har yau ina da mutuncina. Sai na kurɓi shayi na ce, “Ai Baba, karatun yaran yanzu shan ruwan tsuntsaye ne. Duk unguwar nan in dai wannan littafi ne, babu mai ja da ni.”

Baba ya dube ni ta saman tabarau ya ce, “Madalla, Malam. Ranar Asabar bayan la'asar, a ƙofar gidana.”

Nan da nan aka yi karo-karo, aka sa gasassun kaji biyu a matsayin kyauta. Tela ne ya kawo shawarar, wai don tunawa da kajin da Kalalatu ta cinye har Kalala ya bi baƙonsa a guje da wuƙa a hannu. Kowa ya kwashe da dariya, ni ma na yi, har na fi kowa, ko da yake ban san ko a wane littafi suke ba. Na kuma ƙara da wata doka daga bakina: wanda ya ci a ba shi maki ɗaya, wanda ya faɗi a cire masa ɗaya. Tela na haƙa wa wannan rami. Da na sani da na gina shi gajere.

Kwana huɗu gare ni. Mai hankali zai je ya ari littafi na biyu da na uku ya duƙufa. Amma wa zan ara wurinsa? Baba? Ai na kashe kaina ke nan. Sai na koma waya ina tsintar abin da zan burge mutane da shi. Na haddace cewa an haifi Imam a Kagara a 1911, ya rasu a 1981. Na haddace cewa shi ne editan farko na Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Sannan na yi tuntuɓe da abin da na ɗauka shi ne makamina: ashe dabarar nan ta aku mai tsare mutum da hira har gari ya waye, asalinta daga Indiya take. Akwai wani tsohon littafinsu mai labaru saba'in, inda aku ke hana matar wani ɗan kasuwa fita da dare mijinta yana tafiya. Farisawa suka ɗauka suka yi nasu. Imam ya zo ya mai da matar ɗan sarki, ya mai da fataucin mijin yaƙi da Sarkin Sinari, ya sa wa abin rawani da alkyabba har ba ka cewa ba a Hausa aka haife shi ba. Gaskiya ko a lokacin, cikin ruɗuna, na jinjina wa mutumin.

Daren Alhamis Shaiɗan ya kawo mini shawara ta biyu. Maƙwabcina kamasho ne a tasha, yana da aku, irin toka-tokan nan mai jar wutsiya, wanda ya daɗe a rataye a rumfarsu. Na ce a raina, in na shiga fili riƙe da aku, ai tun kafin a yi tambaya na ci rabin gasa. Na je aro. Kamasho ya yi ta kallona, sannan ya ce, “Malam, zan ba ka, amma ka san fa ba a makaranta ya tashi ba.” Na ce ba komai, ado kawai nake so.

Ranar Asabar na ce wa uwargida kada ta wahalar da kanta da cefanen nama, kaji na nan tafe. Na sa farar shadda, na kafa hula, na ɗauki keji. Ban yi taku ashirin ba tsuntsun nan ya buɗe maƙogwaro: “Zariya! Zariya! Saura mutum ɗaya!” Muryar Kamasho sak, har da dishewar. Wata tsohuwa da ƙullin kaya a ka ta biyo ni tana cewa, “Ɗan nan, nawa ne kuɗin motar? Ka ba ni gaba, ƙafata ba ta son matsi.” Sai da na rantse mata ni ba ni da ko keke kafin ta rabu da ni, tana tsaki.

A ƙofar gidan Baba an shimfiɗa tabarmi, yara sun yi dafifi, ga kaji a faranti an rufe da jarida, ƙamshi yana zagayawa. 'Yan takara uku ne: ni, da Tela, da yarinyar, wadda ta durƙusa ta gaishe ni, “Kawu, ina wuni?” Na amsa da irin muryar da ake amsa wa wanda za a ba kashi. Na ajiye keji a gefena, na zuba wa aku gyaɗa, ya yi tsit yana ɓara. Mutane suka yi ta sha'awa. Wallahi na minti goma ni ne sarki.

Farkon abin ma lafiya lau. Malamai nawa aka tara su yi wa Sarki addu'ar samun ɗa, kwana nawa suka yi? Arba'in da arba'in, na cafke. Yaya sunan 'yar Sarkin Sinari? Sinaratu. Me ya sami matar aku? Musa ne ya kashe ta, don ta gaya masa gaskiya gatsal cewa kada ya fita, shi ya sa mijin ya koma bi da shi ta hanyar labari. Nan na ga ƙofa, na saki makamina. Na tafi Indiya, na biyo ta Farisa, na ce can ma akwai tsuntsuwar da faɗin gaskiya ya ja mata ajali. Baba ya gyaɗa kai, irin gyaɗawar gaske, ba irin tawa ba. Maki uku. Na saci kallon kajin, har na zaɓi cinyar da zan fara da ita.

Sai Baba ya ajiye littafi na ɗaya, ya ɗauko na uku.

“Malam, yaya sunan ɗan Waziri Aku, wanda yake koya wa dabarun zama da sarakuna?”

Ɗa? Ni ban ma san ya sake aure ba. Na yi tari, na gyara hula, na laluba cikin kaina, sunan aku ɗaya tak na samu. Na ce, “Haziƙ.”

Mai Shayi ya miƙe tsaye har ya ture buta. “Haziƙ? Haziƙ ɗin ne ɗansa? Yallaɓai, ka zagi mutum ka kuma mai da shi ɗan abokin gabansa?” Da ƙyar aka zaunar da shi. Yarinyar ta ce a hankali, kamar mai jin kunyata, “Fasih ne, Baba.”

Zagaye na gaba aka ce kowa ya ambaci wani gwanin wayo ko shaƙiyyi daga cikin labaran, ya faɗi abin da ya yi. Labaru sun haura tamanin, ko makaho ya jefa dutse ai ya sami ɗaya. Ni sai na ɗaga murya na ce Malam Zurƙe ɗan Muhamman, na shiga zuba yadda suke rama wa juna mugunta shi da Alhaji Imam. Ina cikin daɗin bayani na lura wurin ya yi shiru irin na gidan makoki. Baba ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

“Malam, wannan ai Ruwan Bagaja ne. Shi ne wanda ya rubuta don gasar 1933, wadda yayansa Bello Kagara ya shiga da Ganɗoki, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya shiga da Shaihu Umar.”

Na ce, “To ai Baba marubucin ɗaya ne. Zurƙe da Aku uba ɗaya suke, ɗaki ne kawai ya raba.”

Kafin Baba ya buɗe baki, aka ji daga keji: “Matsa ciki, Alhaji! Matsa ciki!” Yara suka zube ƙasa.

Yanzu saura mini maki ɗaya, yarinyar kuwa ta yi nisan da ko ƙurarta ba na hangowa. Abin da ya rage shi ne kada Tela ya wuce ni. Baba ya ce tambayar ƙarshe tawa ce, kuma mai sauƙi: a wane gari Imam ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce? Sanyi ya ratsa ni, don wannan fagen tarihin marubuci ne, inda na kwana huɗu ina noma. A Katsina ya yi kwaleji, a Katsina ya koyar a Midil. Na bugi ƙirji na ce, “Katsina ta Dikko!”

Ko rufe baki ban yi ba, tsuntsun nan ya tofar da ɓawon gyaɗa, ya miƙa wuya, ya kwarara: “Zariya! Zariya! Saura mutum ɗaya!”

Baba ya yi dariya har hawaye suka jiƙa masa gemu. Da ya samu numfashi ya ce, “Aku ya ci.” A 1936 ne, in ji shi, Rupert East ya aro Imam daga Katsina zuwa ofishinsu na talifi a Zariya, ya yi wata shida a can yana wannan aiki, littafin ya fara fitowa a 1937. Aka buga lissafi bisa dokar da ni na kawo da bakina. Yarinya tara. Tela biyu. Aku ɗaya, kuma shi kaɗai ne bai faɗi ko sau ɗaya ba. Ni na ci uku, na faɗi uku. Wani yaro ya zana ƙwai a ƙasa da yatsa, wai don kada in manta.

Tela ya zaro wani farin ƙyalle daga aljihu zai naɗa wa aku rawanin Waziri, ya sha cizo a babban yatsa, abin da ya ɗan sanyaya mini rai ke nan duk yinin. Yarinyar ta yago cinya ta miƙo mini da hannu biyu, “Kawu, bismilla.” Cinyar da na zaɓa ce kuwa. Girman kai ya sa na ce ina fama da gyambon ciki, likita ya hana ni yaji.

Na isa gida bayan magariba. Uwargida ta tuƙa tuwo, ga miyar kuka tsura ko ƙashi babu, ta jera faranti biyu na kaji, har da yankakkiyar albasa. Ta dubi hannuna na dama, ta dubi na hagu, ta dubi keji.

“Maigida, ina kajin?”

Ina neman ta inda zan fara, aka amsa mata daga keji: “Babu canji, Hajiya! Babu canji!”

Washegari Baba ya aiko mini da littafi na biyu da na uku a cikin leda, da sharaɗin duk Juma'a jikanyarsa za ta yi mini tambayoyi. Na kai labarin Kalala, kuma sai yanzu na gane abin da na yi wa dariya a wancan dare. A majalisa sunana ya koma Yaron Waziri, Mai Shayi kuwa har yau bai yafe mini batun Haziƙ ba, shayina kullum kamar ruwan wanke kofi. Shekaranjiya na bi ta tasha, na tsaya a rumfa in gai da tsuntsun. Kamasho ya tare ni da hannu ya ce, “A'a, Malam, dakata daga nan. Waziri yana hutawa, sai an nema maka iso.”